Koken Manoma Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ƙona Gonaki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka manoma ne muka durƙuso gabanka, ba raini ba ne, abin ne ya kai mu maƙura.

Daren Talatar nan da ta wuce wasu samari masu farautar gafiya suka sake cinna wuta a bakin daji, iska ta kwaso ta ta afka gonaki. Karan da muka bari a kwance da gangan don ya rufe ƙasa ya ruɓe, da takin da muka yi wata da watanni muna tarawa a rami, da 'yan tsiron gawon da muka shekara uku muna kewayewa da ƙaya, duk sun zama toka kafin asuba. Wani dattijo a cikinmu da safe ya tsugunna ya damƙi ƙasar gonarsa, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar rairayi, ko uffan bai ce ba.

Wai da aka yi musu magana sai suka ce ai toka ma taki ce. Ranka ya daɗe, abin da wuta ta kwashe ya fi abin da ta bari nesa ba kusa ba. Shuka daga iska take jawo sinadarin kabon ta gina kara da ganye da saiwa, in suka ruɓe a gona wani kaso ya zauna cikin ƙasa, shi ne wannan baƙin da ke sa gona ta riƙe ruwa ko an yi ɗan fari, amma in aka ƙona a dare ɗaya ya koma sama ya ƙara ɗumamar yanayin da muke kuka da ita, sinadarin naitirojin ma, wanda shi ne abincin shuka, ya bi hayaƙi. Masana sun tabbatar kabon ɗin da ƙasa ke riƙe da shi ya fi na sararin sama da na tsirrai in an haɗa, shi ya sa a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Paris a 2015 Faransa ta kawo shirin ƙara shi da 4 cikin 1000 duk shekara. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta hanyar rainon tsiron itatuwa kawai. Mu ma abin da muke gwadawa kenan ake ƙone mana.

Mun je wajen mai unguwa, mun je wajen dagaci, an zauna an sake zama, an yi shela bara, ko bara waccan ma an yi, shiru kake ji. Waɗanda suka yi kuma ba ɓoyayyu ba ne.

Muna roƙon alfarma a kira su gabanka su da iyayensu, a hana cinna wuta da sunan farauta, a sa tara mai zafi. A tsawatar wa masu gawayi da ke sare mana ɗanyen ice a gona cikin dare. A sa limamai su yi bayani ranar Juma'a, a nemo mana malaman gona su koyar da haɗa takin gargajiya, a duba waɗanda suka yi asara. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, wutar nan a hana ta, matasanmu da ƙyar muka riƙe su ranar Laraba.

Allah ya ƙara maka nasara.

Talakawanka, manoman gundumarka.