Ƙawata, ki kira Goggo

Bauchi, daren Laraba

Assalamu alaikum ƙawata. Ya gida, ya maigidan, ya su Auta? Ke kam tun da kika tafi shiru, ko sanyin garin naku ne ya daskarar miki da yatsu?

Maganar Goggo ce ta hana ni barci. Wata uku tana jin ƙullutu a mamanta na hagu, ba ta faɗa wa kowa ba. An ciri ɗan nama an auna, likita ya ce sankara ce, amma ba ta yi nisa ba, a yi aiki. Sai ga maƙwabta da shawara, wai ta guji wuƙar likita ta dage da nonon raƙumi, ai Turawa ma sun gano nono yana kashe daji.

Haushi ya sa na bi diddigin zancen. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ne ma abin da ke ba ni tsoro. A 1995 masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin suka lura cewa wani furotin na nonon uwa, alfa-laktalbumin, in ya haɗu da wani irin maiƙo, yana kashe ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji. Suka raɗa masa HAMLET. An gwada shi a kan masu dajin mafitsara, amma ta bututu ake zuba shi, ba a ƙwarya ake sha da ludayi ba. A Amurka kuma, a 2021 asibitin Cleveland Clinic ya fara gwajin allurar riga-kafin sankarar mama. Furotin ɗin nan jikin mai shayarwa ke yin sa, sai kuma wani mugun nau'in sankarar mama kan fito da shi, to ana koya wa jiki ya gane shi ya far masa. Har yanzu gwaji ne. Wallahi ina addu'ar ya yi nasara, ko don 'ya'yanmu, amma Goggo ba ta da lokacin jira.

Af, Baba Ƙarami ya ƙara aure, 'yar Yalwa ce. Da kin zo biki, masar nan da kike yi wa kuka an yi ta har ta yi kwantai.

Na ce wa Goggo kindirmonta da fura ta sha abinta, su ƙara mata ƙarfi, amma Litinin asibiti za mu. Ta yi shiru, kin dai san shirun Goggo. Maganarki take ji fiye da tamu duka. Don Allah ki kira ta kafin Lahadi, bayan isha'i, lokacin baƙi sun watse.

Ki gaida min kowa.

Taki har kullum.