Masu kilisa a bazara, ku duba dawakinku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasanmu na Damagaram masu sha'awar hawan doki. A shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne cikin bazara ko bakinta, don haka shirin hawan salla a ƙofar fadar Mai Martaba yana haɗuwa da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi kan wuce digiri 40. Abin da ke kassara doki a wannan lokaci shi ne a bar shi ɗaure a turke wata da watanni, rana ɗaya a ɗaura masa sirdi a nemi ya yi sukuwa.

Doki na bukatar kamar mako shida kafin ya murje. Mako biyun farko tafiya kawai, rabin awa, da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Daga nan a shigo da sassarfa kaɗan-kaɗan, sukuwa kuwa sai ƙarshe, ita ma gajera. A nemi ƙasa mai ɗan taushi a bayan gari. Kwalta da duwatsun Birni suna cin kofato, rairayi mai zurfi kuma yana jan jijiyar ƙafa.

Sai maganar ruwa, wadda a garin nan ba ƙarama ba ce. Dokin da ake hawa a bazara yakan sha lita 40 zuwa 50 a yini, wato jarka biyu masu lita 25, ban da na wanka. Wanda ba zai iya sayen wannan daga ƴan garuwa ba, gara ya haƙura da hawa har ruwa ya sauka. Ana yawan cewa kada a ba doki ruwa in ya dawo da gumi. Wannan al'ada tana cutarwa. A ba shi rabin bokiti, a zaga da shi a inuwa, a ƙara masa, har ya ƙoshi. A kwance sirdi, a kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, inda manyan hanyoyin jini suke kusa da fata. Gumin doki yana tafiya da gishiri mai yawa, saboda haka a zuba masa kamar cokali biyu na gishiri a dusa kullum. Kanwa ita kaɗai ba ta wadatar.

Ga yadda ake gane ya galabaita. A tsunkuli fatar wuyansa a saki: in ta fi daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Lafiyayyen doki a hutu zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. In an yi minti ashirin da sauka yana ta haki, ko gumi ya ɗauke alhali jikinsa na zafi, a bar dabarun gida a kira likitan dabbobi.

Wajen abinci ma ana kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga salla ta matso sai ya cika masa gero. Cikin doki ƙarami ne, ba ya kuma amai, hatsin da ya yi yawa sai ya kumbura shi ko ya sauka a kofato ya gurgunta shi. Rabin tiya a ci ɗaya ya isa, a kuma bar aƙalla awa guda kafin hawa. Tushen abincinsa harawa ce da ciyawa, kilo shida zuwa bakwai ga doki mai nauyin kilo 350. A shinshina harawar, mai warin rima a zubar. Kada a zuba masa a ƙasa, domin yana haɗiye rairayi ya taru masa a hanji. A tsince ledoji daga barga. Dokin da ke tona ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ciwon ciki ne: a janye abinci nan take.

Kafin ɗaura sirdi a goge baya sarai, a kakkaɓe jalala, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, don ƙarangiya ɗaya ko busasshen gumi ya isa ya buɗe miki. Majayi kuma, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, a ja shi sau biyu ko uku, a ɗan taka da dokin tsakani. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, hannu mai nauyi yana yanka harshe da dasashi. Yaro mai koyo a fara shi da ragama, babba na riƙe da igiya. A riƙa gyara kofato duk mako shida zuwa takwas, a kuma tambayi ma'aikatan kiwo game da rigakafi tun kafin damina ta kawo ƙudaje da kaska.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki, Birni, Damagaram