Raba ƙafa a rikicin Blu-ray da HD DVD bai ceci mai saye ba

Ya Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Na karanta sharhin da aka yi a shafin kasuwanci, inda malamin ya shawarci ƙananan 'yan kasuwa da su riƙa raba ƙafa idan kayayyaki biyu na takara, har ya kawo misali da rikicin faifan bidiyo na Blu-ray da HD DVD. Sana'ata gyaran na'urorin bidiyo ce, tun zamanin kaset, kuma na bi wannan rikici tun daga farkonsa. Da girmamawa nake cewa ban yarda da malam ba.

A 2006 kamfanin Toshiba ya fito da HD DVD, ɓangaren Sony kuma suka fito da Blu-ray. Faifan Toshiba mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 15, na Sony 25, kuma na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan. Kamfanonin fim suka rabu gida biyu. Universal ya tsaya wa HD DVD, Disney da Fox suka bi Sony. Warner da Paramount kuwa suka ce za su riƙa buga finafinansu a kan duka biyun, su ne masu raba ƙafar da malam yake yabo.

To mu duba abin da suka yi a aikace. A watan Agustan 2007 Paramount ya watsar da Blu-ray ya koma HD DVD kaɗai, kuma jaridun Amurka sun ruwaito cewa shi da DreamWorks Animation sun samu tagomashin kusan dala miliyan 150 a kan haka. Wanda ya sayi na'urar Blu-ray yana sa ran finafinan Paramount, haka ya wayi gari an juya masa baya. Warner ya taɓa sanar da wani faifai mai suna Total HD, gefe ɗaya Blu-ray, ɗaya gefen HD DVD, amma bai taɓa shiga kasuwa ba. Ranar 4 ga Janairun 2008 Warner ya ce daga watan Yuni sai Blu-ray. Netflix mai ba da hayar finafinai da manyan shagunan Amurka Best Buy da Walmart suka biyo baya a watan Fabrairu, ranar 19 ga watan Toshiba ya miƙa wuya. Mako bakwai ba su cika ba komai ya ƙare. Waɗannan manya suna da kuɗin zama a kan katanga har su ga inda iska ta kaɗa, kuma ranar da suka sauko su ne suka yanke hukuncin da kansu. Ƙaramin mai shago ba shi da wannan ikon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin mai saye. Kamfanin LG ya ƙera na'ura mai karanta faifan biyu, BH100, ya sa mata dala 1,199. A lokacin mutum zai iya sayen na'urar wasan bidiyo ta Sony, PlayStation 3, a dala 499, wadda da ma tana karanta Blu-ray, ya ƙara da na'urar Toshiba a dala 499, ya rage canji. Ga shi kuma ta LG ɗin ba ta buɗe cikakken tsarin zaɓe-zaɓen da ke cikin faifan HD DVD. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Su kuwa waɗanda suka yi rububin na'urar Toshiba da Walmart ya karya wa farashi zuwa ƙasa da dala 100 a Nuwamban 2007, wata uku kawai suka more. Best Buy ya lallashi abokan cinikinsa da katin sayayya na dala 50, Warner kuma daga baya ya ce a biya dala 4.95 a musanya kowane fim nasa zuwa Blu-ray, wato ka sake biyan kuɗi a kan fim ɗin da ka riga ka saya.

Mu nan Kano a wannan lokacin finafinanmu na Hausa a VCD suke fitowa, DVD na shigowa a hankali, saboda haka guguwar ta wuce ta samanmu. Amma ɓurɓushinta ya iso. Akan kawo mini irin waɗannan na'urori na HD DVD daga cikin kayan gwanjo, wani lokaci har da faifansu masu jan gida, mai su yana tambayar inda zai samo sababbin finafinai. Sai in ce masa ya yi haƙuri ya ci gaba da sa DVD na yau da kullum, don shi kam tana karantawa.

Ina roƙon malam, idan zai sake rubutu, ya fayyace wa masu karatu wanda yake wa magana. Mai jarin da zai iya cika shago da kaya iri biyu ya yi asarar rabi bai girgiza ba daban, mai teburi a Sabon Gari da ya ciwo bashi ya saro kaya daban.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wani mai gyaran na'urorin bidiyo, Kano.