Aikin na'urar silikon awo ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka buga a shafin kimiyya game da cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, kuma na ji daɗin ganin irin wannan batu da harshenmu. Sai dai an nuna kamar na'urorin silikon da ke can hoton ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta suke ɗauka, alhali aikinsu awon kuzarin da ƙwayoyin ke bari a cikinsu ne, kuma awon nan shi ne abin da nake so ɗalibanmu su fahimta.

Na'urar falle ne na silikon wanda kaurinsa yawanci bai wuce kashi 3 cikin 10 na milimita ba. Idan ƙwaya mai caji ta ratsa shi da gudu, takan fizge elektron daga mazauninsu ta bar gurabe, kuma kowane elektron da gurbinsa yana cin kuzarin da ya kai elektronbolt 3.6 (elektronbolt ma'aunin ɗan ƙaramin kuzari ne), wato kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake buƙata a na'urorin iskar gas. Shi ya sa ƙwaya guda mai tsananin gudu take barin elektron sama da 20,000 a wannan ɗan falle, wutar da aka ɗora masa kuwa ta janye su zuwa wayoyi a ƙirga. Tun 1930 masanin kimiyya Hans Bethe ya nuna cewa asarar kuzarin ta danganta ne da caji da saurin ƙwayar, don haka idan an haɗa ta da yadda maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarta, ana iya bambance furoton, ƙwayar da ke cikin tsakiyar zarra, da ƙwayoyin da ba su kai shi nauyi ba.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne, awo ɗaya ba ya isa. Ƙwayoyi biyu iri ɗaya masu gudu ɗaya ba sa barin kuzari daidai wa daida, domin jefi-jefi ƙwaya takan yi karo mai ƙarfi da elektron guda ta zuba masa kuzari mai yawa. Masanin kimiyya Lev Landau ya yi lissafin wannan a 1944. Irin waɗannan karo suna jan matsakaicin lissafi sama, kamar a haɗa dukiyar attajiri guda da ta sauran mutanen unguwa a raba daidai, a ce abin da kowa ya mallaka ke nan. Saboda haka masana sukan jera fallaye da dama, su zubar da awo mafi girma, su yi lissafi da sauran. Haka aka yi a gwajin ALICE na CERN, inda huɗu daga cikin zobba shida na na'urarsa ta farko ta silikon suka riƙa auna wannan asara.

Ina roƙon ku sake waiwayar batun, ku haɗa da zanen lissafin Landau, domin malaman sakandare su samu abin nuna wa ɗalibai a aji.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Zariya