Wasiƙa Kan Kuɗin Furannin Lambu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ji kukan da kake yi cewa furanni na neman cinye kuɗin da ka ware wa lambun tun ba a je ko'ina ba.

Da farko ka rage sayen dashen da ya riga ya yi fure a tukunya. Ba shukar kaɗai kake biya ba, har da tukunyar, da ƙasar ciki, da ban ruwan watanni, da ladan mai raino, da kuɗin mota. In ka samu saiwar ko kan shukar a bushe kafin ya yi toho, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu kai irin na albasa, su tulif da dafodil da amarilis, da girman kan ake yi musu kuɗi. Kewayensa ake aunawa: tulif mai santimita 12 shi ne babba, na 10 ya fi araha amma furensa ƙarami ne. Ka riƙe kan a hannu ka ɗan matsa. In ka ji tauri da nauyi, ɗauka. In ya lotsa, ko ka ga fumfuna a gindinsa, ajiye musu kayansu ko kyauta ne. Araha ba ta ado.

Tulif ɗin nan da ka ƙwallafa rai a kansa, ni dai ban ba ka shawara ba. Yana son sanyi na kusan mako 12 ko fiye kafin ya yi fure, kuma yawancinsa shekarar farko ce kawai yake burgewa, sai ka sake saye. Dama tun can shi mai cin kuɗin mutane ne. A Holan, a 1637, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo sannan ya faɗi warwas, ya bar 'yan kasuwa da cizon yatsa.

Inda kuɗinka zai haihu shi ne masu saiwa mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kamar shukar kana (canna) da ta airis (iris). Sayi kaɗan. Bayan shekara biyu ko uku sai ka tone, ka sa wuƙa mai tsabta ka yanka gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, wato inda toho ke fitowa, aƙalla ɗaya, ka bar wurin yankan ya sha iska, ka sake binnewa. Rarar kuma ka yi musaya da masu lambu irinka. Sai dai ka ga ganyen uwar tukuna. Shukar kana mai ganye a murɗe da zane-zanen rawaya yawanci cuta ce da ita, kuma cutar na bin saiwa.

In daga wata ƙasa za ka yi oda, lissafa kuɗin aike da takardar shaidar lafiyar tsirrai, don wani lokacin sun fi kayan tsada.

Turo mini hoton filin, ka gaya mini awa nawa rana ke dukansa, in faɗa maka wanda za ka fara saya. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka na kullum