Godiya ga garejin wayarin da ya gano ɓarawon batir ɗina a Panteka

Assalamu alaikum.

Oga, na san ba ka son a yabe ka a bainar jama'a, shi ya sa ban sa sunanka ba. Duk wanda ya san lungun masu gyaran wayar mota a Tsohuwar Panteka ta Kaduna zai gane garejin da nake nufi. Wannan takarda taka ce, kai da yaranka.

Ni direba ne, Sharon nake ja, mai shan gas, wato dizal, daga tashar Kawo zuwa Kano. 'Yar Kwatano ce, injin 1.9 TDI, kuma tun da na saye ta ba ta taɓa ba ni kunya ba sai da hunturun bana ya kankama. In na dawo daga sallar asuba, hazo ya rufe gari, sai in murɗa makulli ta yi gurnani sau biyu kamar mai mura, fitilun gaban sitiyari su dushe, shi ke nan. Almajiran unguwarmu har sun saba, da sun hango ni tsaye da makulli a hannu sai su ajiye robobinsu su zo turi. Kafin in isa tasha layi ya wuce ni, 'yan kamasho na ta tsokana wai motata sai ta sha shayi take fita.

Na sayi sabon batir. Na canza hita filogi guda huɗu, masu ɗumama cikin injin kafin a tayar. An kwance kik an wanke an mayar. Kowane mai gyara ya yi iya saninsa, ban riƙe kowa a rai ba, amma kuɗi sun tafi, kuma bayan kwana uku ko huɗu sai a koma gidan jiya.

Da na zo wurinka ba ka ɗauki sifana ba. Tambayoyi ka fara yi: in ta wuni a hanya, tana tashi da yamma? Na ce bugu ɗaya. In ta kwana biyu a ajiye fa? Na ce ko ƙyas ba ta yi. Ka ɗora mita a kan batir mota na aiki, ya nuna wajen bolt 14, ka ce caji lafiya lau. Sai ka ce, “Direba, motarka ba ta barci da dare. Akwai mai shan wuta. Bar ta ta kwana a nan.”

Gaskiya raina bai so ba, don kwana ɗaya babu lodi ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma abin da na gani da yammacin nan shi ya sa nake rubutu. Ka cire kan batir na baƙar waya, ka ratsa mita tsakani, ka rufe ƙofofi, ka ce kowa ya ƙyale motar ta nutsu. Muka zauna a benci muna cin gyaɗa. Ka ce lafiyayyar mota in ta yi shiru abin da take ja bai kamata ya wuce miliamp 50 ba. Tawa kuwa ta haura amp ɗaya da rabi, wato miliamp 1,500, ta ƙi sauka. Ƙaramin yaronka, mai hula ja, ya durƙusa yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, kai kuma idonka na kan mita. Da ya zare wani, lambar ta faɗo ƙasa warwas. Ka yi dariya ka ce, “Ga ɓarawon.”

Sai ka sa aka ɗaga motar ka nuna mini wani abu da shekara biyu ina tafe a kansa ban san da shi ba: ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashi, ɓangaren hagu, da tiyo biyu na ruwa, da siririyar hanyar mai, har da 'yar salansarsa. Wai shi ma hita ne. Nan na rikice, don ni hitar da na sani ita ce filogin da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar. Ka yi mini bayani dalla-dalla. Ita Sharon a 1995 aka fara haɗa ta a Fotugal domin ƙasashen ƙanƙara. Injin gas ba ya saurin yin zafi, don haka aka ƙara masa wannan ɗan murhu na kamfanin Eberspächer na Jamus, yana jan gas daga tanki, ya ƙona, ya ɗumama ruwan injin don mutanen ciki su ji ɗumi da wuri. Sanyin da ke sa shi kunnuwa ba kasafai Kaduna take ganin irinsa ba, sai ya zauna shekara da shekaru yana shan taɓon damina. Da ka buɗe shi, ruwa ya shiga ɗan kwamfutarsa, wayoyin sun yi kore shar da tsatsa. Shi ne ba ya mutuwa ko an zare makulli, yana tsotsar batir har gari ya waye.

Na ce to me ya sa bai dame ni da zafi ba? Ka ce da zafi rabin batir ma yana isa. Amma da sanyi batir kan rage ƙarfi, baƙin mai ya yi kauri, hita filogi su ja nasu kason, ga shi injin gas ba shi da tartsatsi, sai kik ya juya shi da ƙarfi matsi ya kunna man. Wanda aka yi wa sata cikin dare ba zai iya wannan nauyin da asuba ba.

Wani da ya ce in nemo sabon akwati daga Legas. Kai cewa ka yi ba ni da buƙatarsa a nan. Ka raba shi da wuta, ka naɗe wayoyin tsaf, ka toshe hanyar man don kada ya yi yoyo, ka haɗe tiyon ruwan biyu, ka cika lagireto ka fitar da iska. Kuɗin aikin bai kai kuɗin filogin da na canza a banza ba. Har ka ce in kawo tsohon batir ɗin da na jefar bayan ɗaki. Ka yi masa caji, ka gwada, ka ce da sauransa, in ajiye. Ba ka ce in bar maka shi ba, alhali da ka ce, da na bari.

Yau mako uku ke nan, sanyin Janairu na kaɗawa, bugu ɗaya take tashi. Abokan aikina biyu masu irin motar na turo su wurinka, ka duba musu ƙarƙashi ko da ba su ce komai ba.

Allah Ya sa albarka a sana'ar, Ya ƙara buɗi, Ya tsare hannu. Yaron nan mai hula ja, a riƙe shi da kyau, yana da nutsuwa. Almajiran unguwarmu ne kawai ke ƙorafi, wai na daina ba su na ƙosai.

Naka,
Direban Sharon, tashar Kawo, Kaduna.