A riƙa faɗin sunan mai muryar

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi gyara ga marubucin shafinku na finafinai. Kwanakin baya ya lissafa tsofaffin finafinan Amurka, da ya zo kan Singin' in the Rain sai ya sallame shi da layi ɗaya, wai fim ɗin mutumin da ke rawa da lema cikin ruwan sama. Haba malam! Rawar nan 'yan mintoci ce kawai. Fim ɗin kansa shaƙiyanci ne da 'yan fim suka yi wa sana'arsu.

Kamfanin MGM ne ya fitar da shi a 1952, Gene Kelly da Stanley Donen suka ba da umarni, amma labarin ya koma 1927, shekarar da Warner Bros. suka saki The Jazz Singer, mutane suka ji jarumi yana waƙa da magana a majigi, kasuwar finafinan bebaye ta fara mutuwa. A wancan zamani kamfani ne ke mallakar jarumi da kwantiragin shekaru masu yawa. Shi zai canza masa suna, shi zai ƙirƙiro masa budurwa don mujallu su samu na bugawa. Haka aka yi wa Don da Lina, jaruman da labarin fim ɗin ke kansu, har ita Lina ta karanta a mujalla cewa suna soyayya, ta kuma yarda.

Matsalar Lina muryarta ce. Kyau kam Allah ya ba ta, amma in ta buɗe baki sai ka ce ana jan ƙofar langa-langa. Wurin da na fi dariya shi ne ranar farko da aka kawo makirufo. Aka ɓoye shi cikin shuka, ita kuwa tana magana tana juya kai, murya ta zo ta ɓace, ta zo ta ɓace. Aka maƙala mata shi a ƙirji, sai ga bugun zuciyarta dum-dum a kunnen mai ɗaukar sauti. Darakta na neman haukacewa, mai kamfani ya shigo ya ga waya a ƙasa, ya fizge ta don kada wani ya yi tuntuɓe, Lina ta wuntsila ta baya. Na nuna wa ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki wurin nan, ya yi dariya har da hawaye, ya ce yaya ai ko jiya sai da ya yi fama da amaryar da sarƙarta ke gogar makirufo.

Dabarar da suka yi ita ce a sa wata yarinya, Kathy, ta ɗora muryarta a kan bakin Lina, daga baya Lina ta tilasta kada a ambace ta. Asiri ya tonu ranar da aka ja labule a gaban jama'a, aka ga mai waƙar ta gaskiya tsaye a baya. To ga abin mamaki, Edita: Debbie Reynolds da ta fito a Kathy, shekararta 19 lokacin, ita ma an ɗora mata murya a waƙar Would You. Wata Betty Noyes ce ta rera, kuma ba a sa sunanta ba. Fim ɗin da ke yi wa halin dariya shi ma ya aikata.

Mu da muka tashi da kallon Indiya mun san wannan. Jarumai da yawa mun ɗauka zaƙin murya gare su, alhali Lata Mangeshkar ce ke rerawa. A finafinanmu na Hausa ma jarumi mamin yake yi, mawaƙi na can situdiyo. Maza sun samu sun yi suna, amma matan da ke amshi da rera ɓangaren jaruma, sau nawa kuka buga sunansu a sharhinku? Roƙona ke nan: in za a yabi waƙa a fim, a rubuta wadda ta rera ta kusa da wadda ta hau ta. Shi kuma marubucin naku ya daure ya kalli fim ɗin har inda aka ja labule.

Naka,
Mai karatu daga Zariya